Yadda Ake Sayar da 'Yan Hasumiyoyin Ado a Amurka Bayan Kasuwarsu Ta Faɗi

Duk wanda ke zagayen gwanjon kayan gida a Amurka ranar Asabar ya san su. Za ka shiga gidan wata tsohuwa da ta rasu ko aka mayar gidan tsofaffi, ka tarar da kabad na gilashi cike da 'yan ƙananan hasumiyoyi, kowace tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, an zauna an yi musu fenti da hannu. Kwaikwayo ne na dogayen hasumiyoyin fitila da ake ginawa a bakin teku don nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. A shekarun 1990 mutane sun zuba kuɗi a kansu, ana gaya musu cewa adadin da aka ƙera ƙayyadadde ne, gobe za su yi tsada. Goben ta zo, farashi ya yi ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗanda suka tara su sun tsufa, 'ya'yansu ba su da sha'awa kuma ba su da wurin ajiya. "Ƙayyadadden adadin" ma dubbai ne, kuma kusan kowa ya adana nasa cikin kwali bai ko ƙwarzane ba. Da eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya zo a 1995 ya haɗa masu sayarwa na duk ƙasar a wuri ɗaya, sai aka gane abin da ake ganin ya yi wuya a wani gari yana nan jibge a wani. Wanda ya ga yadda iyayenmu mata suka tara kwanukan jere da tasoshi a matsayin dukiya, daga baya 'yan matan zamani suka ce a kai ƙauye, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na sayi irin waɗannan kaya na sayar sau da yawa, na ci riba na kuma ƙone hannu. Abin da ke biye shi ne yadda nake yi yanzu idan kwali ya faɗo hannuna.

Kayan aiki

Waya mai kyamara mai kyau da intanet. Burushi mai laushi, irin na kwalliyar mata ko na masu zane. Auduga mai tsinke ta goge kunne. Ƙaramar tocila. Sikelin kicin ko na gidan waya, da tef na awo. Farin kwali ko farin zani da za a shimfiɗa a bayan kaya lokacin hoto. Leda mai ƙurajen iska ta naɗe kayan fashewa, salatif mai faɗi, da kwalaye girma biyu. Sai littafi da biro, ko jadawali a kwamfuta idan ka saba.

In ba ka da sikeli, hau sikelin banɗaki riƙe da kwalin, ka sauka ka hau ba shi, ka cire. Ba zai ba ka daidai ba, don haka ka ƙara rabin laba a lissafi. Kwalaye kuwa, kantunan unguwa na zubar da su kullum. Ka tambaya kawai.

1. Juya ta ka karanta gindinta

Kafin ka goge ko ƙura, juya kowace hasumiya ka ga wanda ya ƙera ta. A nan rabin aikin yake, domin sunan kamfani ne ke raba abin da ya cancanci wahalarka da wanda bai cancanta ba.

Harbour Lights su ne kan gaba. Bill Younger da iyalinsa suka kafa kamfanin a yankin San Diego na jihar Kalifoniya a 1991. A gindin kowace za ka ga sunan hasumiyar, da lambar samfuri mai farawa da HL, da lambar da aka rubuta da hannu kamar 2,314/5,500, wato ta dubu biyu da ɗari uku da sha huɗu cikin dubu biyar da ɗari biyar. Na farko-farko 5,500 aka ƙayyade, daga baya aka kai 9,500. Za ka kuma ga 'yar takarda mai nuna ƙasar da aka yi ta: Kanada, Malesiya ko Sin. Na Kanada sun fi tsufa. Kamfanin yana da wani jeri mai suna Great Lighthouses of the World wanda ba a ƙayyade adadinsa ba, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu suna This Little Light of Mine. Waɗannan biyun ba su kai na farko daraja ba.

Lefton kuwa tangaran ne, yawanci da ƙwan lantarki da waya a ciki. Kamfanin George Zoltan Lefton ne, mutumin Hangari da ya kafa kasuwancinsa a Shikago. Akwai na Danbury Mint, da Lenox, da Department 56, da Scaasis, da Spoontiques. Sai kuma tarin waɗanda ba su da suna ko kaɗan, irin na kantin tsarabar bakin teku. Waɗannan na ƙarshen, ka ware su gefe tun yanzu, kada ka ɓata musu minti ɗaya na bincike.

Rubuta kowace a littafinka: kamfani, sunan hasumiya, jiha, lamba, akwai kwalinta ko babu, akwai takardar shaida ko babu.

2. Duba lafiyarta da tocila

Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe. Hasken gefe na tona abin da hasken sama ke rufewa. Wuraren da suka fi karyewa: siririn ƙarfen kariyar tsawa da ke can ƙololuwa, shingen da ya zagaye ɗakin fitila, bututun hayaƙin gidan mai gadi, rassan itatuwa, da 'yan tsuntsayen da ake maƙalawa kan duwatsu. Ka nemi ƙyallin busasshen gam, alamar an taɓa liƙawa. Ka kwatanta launin gaba da na baya. Wadda ta shekara ashirin a bakin taga za ka ga gefe ɗaya ya kwaɗe.

Sannan ka shinshina. Ba wasa nake ba. Gidan da ake shan taba, warin na kama kwali da farin soson da ke ciki, kuma ba ya fita da sauƙi. Mai saye zai dawo maka da kaya saboda wari kaɗai.

In ta Lefton ce ko wata mai wuta, jona ta ka gani. Wayar da ta bushe ta tsattsage kada ka jona ta ma. Cire ta, ka faɗa a talla cewa babu waya. Ana samun irinta sabuwa da arha a kantin kayan ado na Kirsimeti.

3. Sharewa, ba wanki ba

Kuskuren da na fara yi ke nan. Na ɗauki wata tsohuwar Harbour Lights na sa ƙarƙashin famfo da sabulu, ina ganin na yi gwaninta. Ƙyallen da ke manne a gindi ya jiƙe ya ɓantare, lambar da aka rubuta da hannu ta narke ta zama tabo. Abin da zai kawo kuɗi na wanke shi da hannuna.

Burushi busasshe kawai, daga sama zuwa ƙasa. Lungun da ƙura ta daskare, ɗan jiƙa audugar kunne da ruwa zalla, ka matse ta sosai, ka taɓa a hankali. Ban da sabulu, ban da turaren goge gilashi, ban da man goge katako. Tangaran mai sheƙi kaɗai ke jure jiƙaƙƙen tsumma, shi ma ban da cikinsa inda wuta take.

Abin da ya karye kuma kana da guntun, shawarata kada ka liƙa. Sa guntun a 'yar leda, ka ɗauki hotonsa, ka bar mai saye ya yi gyaransa. Gyaran da ba na gwani ba ya fi karayar muni.

4. Nemo farashin gaskiya

A nan mutane ke yaudarar kansu. Akwai farashi iri huɗu da za su zo maka, uku daga ciki ƙarya ne. Na farko shi ne wanda ke manne a kwali tun daga kanti, dala 60, 75, 90. Wannan tarihi ne. Na biyu shi ne na tsofaffin littattafan farashi na shekarun 1990 da magada kan miƙo maka tare da kayan, an ja layi ƙarƙashin wasu lambobi masu daɗin gani. Shi ma tarihi ne. Na uku, kada ka ruɗu da abin da wasu ke nema a intanet yau. Mutum na iya rubuta dala 200 kan abin da zai shekara uku ba a taya ba.

Farashi na gaskiya shi ne abin da wani ya ciro daga aljihunsa kwanan nan. Shiga eBay, rubuta sunan kamfani da sunan hasumiya da lambarta, sannan a wurin tace sakamako ka zaɓi "Sold items". Zai nuna maka waɗanda aka sayar a 'yan watannin baya. Ka duba biyar ko shida, ka watsar da mafi tsada da mafi arha, ka ɗauki na tsakiya. Ka lura ko da kwali aka sayar, kuma wa ya biya kuɗin aikawa.

Akwai lissafi na biyu da mutane ke tsallakewa, alhali ya fi na farko amfani: ƙirga nawa ke kan talla yanzu, da nawa aka sayar. In arba'in na jiran mai saye, uku kaɗai suka tafi cikin wata uku, to kayan kwantai ne ko nawa aka sayar da ukun. In biyu ke kan talla an sayar da shida, ka samu abin hannu.

A abin da nake gani, yawancin Harbour Lights na gama-gari suna tafiya tsakanin dala 10 da 30, ban da kuɗin aikawa. Amma cikin kowane babban tari akan samu 'yan ƙalilan da suka fita daban, kuma su ne dalilin duk wannan bincike. Misalin da kowa a harkar ya sani shi ne samfurin farko na Cape Hatteras, HL102, wanda aka dakatar da ƙera shi da wuri aka sake masa fasali, don haka kaɗan ne suka fita. Ita ainihin hasumiyar tana jihar Karolina ta Arewa, mai zanen baƙi da fari a murɗe, ita ce mafi tsawon hasumiyar bulo a Amurka, har a 1999 aka ɗauke ta ɗungurungum aka matsar da ita ƙafa 2,900 saboda teku na cin gaɓa. Shahararta ta sa kowane kamfani ya yi nasa kwaikwayon, shi ma Harbour Lights ya sake fitar da ita fiye da sau ɗaya. Don haka ganin sunan Hatteras kaɗai kada ya sa ka fara lissafin sayen mota. Duba lamba, ka kwatanta da hotunan na farkon. Haka nan waɗanda aka ƙera a shekarun ƙarshe na kamfanin, lokacin da masu saye suka ragu aka rage adadi, sau da yawa sun fi na tsakiyar 1990 kuɗi. Abin ya saɓa wa hankali, sabo ya fi tsoho, amma ƙarancin abu ke sa shi tsada, ba shekarunsa ba.

Ƙaramar lamba, kamar 40/9,500, tana ɗan ƙara wani abu, ba mai yawa ba. Sa hannun Bill Younger ma haka, domin ya yi ta zagaya kantuna yana sa hannu ga duk wanda ya miƙo.

5. Yi lissafi kafin ka yi talla

Ga misali. A ce hasumiya ta tafi a dala 22, mai saye ya biya 12 na aikawa. La'adar eBay a irin waɗannan kaya ta kai kashi 13 da ɗoriya cikin ɗari, kuma a kan jimillar kuɗin ake cirewa, har da na aikawa da harajin saye, sannan da 'yan santoci na kowane ciniki. Wato wajen dala 5 ta tafi. Leda da salatif da kwali, ka ce 2 zuwa 3. Dala 12 ta gidan waya ce, ba taka ba. Abin da ya rage maka kimanin 14. Cire abin da ka saye ta, ka tuna da kusan awa guda da ka kashe wajen hoto da rubutu da naɗi da zuwa gidan waya.

Daga wannan lissafin na yanke wa kaina ƙa'ida: abin da ba zai kai dala 25 ba, ba na sayar da shi shi kaɗai.

6. Kasa su kashi uku

Kashi na farko: masu daraja, lafiyayyu, da kwalinsu. Waɗannan ɗai-ɗai za ka sayar. Cikin hamsin, da wuya su wuce biyar zuwa goma.

Kashi na biyu: na gama-gari masu lafiya. Haɗa su uku-uku ko huɗu-huɗu, amma ba haɗin gambiza ba. Haɗa ta yanki. Na jihar Mishigan wuri ɗaya, domin ita ta fi kowace jiha yawan hasumiyoyi kuma mutanenta na alfahari da su. Na jihar Men wuri ɗaya, da Portland Head a gaba, wadda aka kunna tun 1791. Split Rock ta Minesota ta bi 'yan'uwanta na manyan tafkunan arewacin Amurka. Dalili shi ne mai sayen yau ba mai tara jeri ba ne kamar na da. Galibi mutum ne da ya girma kusa da wata hasumiya, ko ya je can hutu, ko yana neman abin da zai ƙawata gidansa na bakin ruwa. Wurin yake saye, ba lambar ba.

Kashi na uku: karyayyu, kwaɗaɗɗu, marasa suna. Kwali ɗaya, farashi ɗaya, a zo a ɗauka.

7. Hoto da rubutu

Kusa da taga da rana, ba da filashi ba. Gaba, baya, gefe biyu, sama, da gindi inda lamba take. Hoton gindin nan shi masana ke fara nema. Kwali da takardar shaida su ma su fito. Duk wani aibu ka ɗauke shi kusa-kusa, ka nuna shi da bakin biro.

Kan talla ya ƙunshi kamfani, sunan hasumiya, jiha, lambar samfuri, da shekara. Kalmomin kururuwa irin su "ba irinta" ba sa jawo kowa. A cikin bayani ka faɗi tsawo, ka faɗi aibu a layin farko ba na ƙarshe ba. eBay na bai wa mai saye damar dawo da abin da bai dace da bayaninsa ba, kuma kai za ka biya kuɗin dawowar. Ɓoye 'yar karaya ta dala biyu kan jawo asarar dala ashirin.

8. Zaɓi kasuwa

Kashi na farko, eBay, da tsayayyen farashi tare da buɗe ƙofar tayi. Kada ka sa gwanjo mai farawa daga santi 99 kana fatan a yi rububi. Masu nema sun yi ƙaranci. Mutum ɗaya zai taya, ya tafi da ita a santi 99, kuma dole ka sallama. Gwanjo sai ga abin da ka tabbatar mutane da yawa na farautarsa. Etsy ma, wata kasuwar intanet, na karɓar kayan da suka shekara ashirin, kuma masu zuwa can ado suke nema, ba sa yawan ja-in-ja.

Kashi na biyu da na uku sun fi dacewa da Facebook Marketplace, inda babu naɗi babu gidan waya. Haɗu da mutum da rana a wurin jama'a. Ofisoshin 'yan sanda da yawa sun keɓe wuri a farfajiyarsu don irin wannan musaya. In kana kusa da gaɓar teku ko manyan tafkuna, leƙa kantunan tsofaffin kaya ka yi musu tayin sari. Za su ba ka kusan rabin abin da za su sayar ko ƙasa da haka, amma kuɗi ne a hannu yau.

Lokaci na da tasiri. Daga Oktoba zuwa farkon Disamba kaya sun fi motsi saboda kyaututtukan ƙarshen shekara. In tayi ya zo kusa da tsakiyar farashin da ka gano a mataki na 4, sallama. Na taɓa ƙin dala 30 ina jiran 40, bayan wata takwas na sayar a 18.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayata ko ya zuba su a kwantena zuwa Kano, tunda ba siffar abu mai rai ba ce, za su shiga falo ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Na ce masa don kyauta da ado, bismilla. Don kasuwa kuwa, can sunan kamfani da lambar gindi ba su da wata ma'ana, za a taya su ne kamar kowane kayan roba na kabad.

9. Naɗi da aikawa

In akwai farin sosonta na asali, mayar da ita ciki yadda ta fito, ka lura da ramin da aka yanke wa ƙololuwa. Kada ka manna takardar adireshi a kan kwalin kamfanin. Shi ma kaya ne. Saka shi cikin wani kwalin da ya fi shi, da tazarar inci biyu ta kowane gefe cike da takarda ko leda.

In babu soso, fara rufe ƙololuwa da ƙaramin kofin takarda ko guntun kwalin da ke tsakiyar takardar banɗaki, don kada ledar ta danne siririn ƙarfen. Naɗe jiki da takarda mai laushi tukuna, sannan leda mai iska ninki uku. Salatif ya tsaya kan leda, kada ya taɓa fenti. Kwali biyu dole ne a nan ma. Ka girgiza, in ka ji motsi, buɗe ka ƙara cika. In kana aika uku tare, kowace da naɗinta, da katangar kwali a tsakani, gindi a ƙasa.

Auna nauyi da girma bayan ka gama naɗi, kafin ka sa talla, ba bayan an saya ba. Gidan waya na lissafa manyan kwalaye da girmansu, ba nauyi kaɗai ba, da zarar sun wuce ƙafa ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. Kuma aikawa daga gabas zuwa Kalifoniya ba ɗaya take da aikawa jihar maƙwabta ba, don haka bari manhajar ta lissafa wa kowane mai saye nasa. Sayen takardar aikawa ta cikin eBay ya fi arha kan biya a kanta. Ɗauki hoton naɗin kafin ka rufe, ko da za a yi gardama.

10. Abin da ya ƙi tafiya

Ba kowace talla wata uku. In ba ta motsa ba, rage kashi ɗaya cikin biyar, ko ka haɗa ta da wasu. Bayan wata shida, fitar da ita daga gidanka. Ban ga alamar cewa ajiya za ta dawo da farashin ba, domin kowane mako wani kabad ɗin na buɗewa ana ƙara zubo kaya, masu saye kuma ba ƙaruwa suke ba.

Ƙungiyoyin sa-kai da ke kula da tsofaffin hasumiyoyi wani lokaci sukan karɓa don kantinsu na tsaraba ko gwanjon tara kuɗi, musamman in kwaikwayon tasu hasumiyar ce. Kira ka tambaya kafin ka ɗauka ka kai. In ba su so, kantunan sadaka irin su Goodwill na karɓa. Nemi rasit, ka rubuta a kai abin da kayan za su yi a kasuwa yau, ba abin da ke manne a kwali ba.

In kuma kai ne ke tsaye gaban kabad ɗin ranar Asabar kana tunanin saye, koma ranar ƙarshe ta gwanjon, lokacin da akan karya farashi rabi. Juya gindin kowace, duba biyar mafi kyau a wayarka nan take, ka yi tayin duka tarin a kan abin da waɗannan biyar kaɗai za su dawo maka da shi. In an ce albarka, bar lambar wayarka ka tafi. Sau da yawa da yamma sukan kira.